Yadda za ka gyara fili mai gangare ba tare da kuɗin ginin sun ƙare a cikin ƙasa ba

Bara, bayan an gama yankan riɗi, ɗan yayata ya zo mini da takardar wani fili da ya samu a bayan gari nan Gadarif, a gabashin Sudan. Murabba'in mita 400 ne, ashirin a tsaye ashirin a kwance, kuma kuɗinsa bai kai na filayen da ke kewaye da shi ba ko kusa. Ya ce, "Kawu, ɗan gangare ne kawai, lodar, motar kwasar ƙasa, za ta baje shi cikin wuni ɗaya." Na ce, "Ɗana, nemo tiyo mu je mu tambayi filin da kansa." Da muka auna, tsakanin kan tudu da gindin filin akwai mita ɗaya da santimita sittin. A ido kuwa sai ka rantse bai wuce gwiwa ba.

Na daɗe ina tsaya wa mutane a kan aikin gini, kuma yawancin kangwayen da na gani an bari a matakin fandisho, wato tushen gini, abin da ya karya masu su aikin ƙasa ne, tun kafin a kai ga bulo da rufi. Tono, ciko, katangar tare ƙasa da hanyar ruwa su ne suke cinye kuɗi a ɓoye, domin idan an gama ba wanda zai gansu. Ga yadda nake bi da irin wannan fili.

Ka je filin da damina

Idan da hali, kada ka biya kuɗin fili mai gangare sai ka tsaya a kansa washegarin ruwan sama mai ƙarfi, a watan Yuli ko Agusta. Ka duba ta inda ruwa ya shigo, inda ya kwanta, da inda ya fita. Idan da rani ne, alamu suna nan: layin yayi da kara da ruwa ya jera a jikin katangar maƙwabta, ƙananan kwazazzabai, yashi mai laushi da ya taru a kusurwa ɗaya. Duk wanda ya san Kor Abu Farga, rafin garinmu, ya san cewa rafin da yara ke ƙwallo a cikinsa da rani shi ne yake cin gidaje da damina, kuma ƙananan koramun da ke zuba a cikinsa ta filayen mutane suke bi. Ka zauna da dattijon da ya fi daɗewa a layin, ka ce, "Baba, a shekarar da aka fi ruwa, ina ya tsaya?" Zai nuna maka da sandarsa. Ka kuma dubi katangun gidajen da ke kusa. Tsagar da ta bi kwana kamar matakala tana nuna ƙasar wurin tana motsi.

A wannan zuwan ne kuma za ka tabbatar tifa za ta iya isowa bakin filin. Idan ba za ta iya ba, kowane shebur na yashi sai an sake ɗaukarsa da karo, wato keken jaki, ko baro, kuɗin dako ya zama biyu ke nan. Ka sa ma'aikacin ofishin awon filaye ya kafa maka iyaka tun yanzu, domin katangar tare ƙasa da ta shiga filin wani da taki ɗaya rushe ta za a yi.

Awo da tiyo

Wannan aikin na mutum biyu ne da safiya ɗaya. Ka nemi tiyo mai garai-garai wanda ake ganin ruwa a cikinsa, mita 30, da tef na awo, da turaku 25, da littafi. Ka kafa turakun a jere, mita biyar-biyar, su rufe filin kamar gidan dara. A kusurwar da ta fi tudu ka kafa sanda mai ƙarfi, ka ja layi a jikinta daidai mita ɗaya daga ƙasa. Ka cika tiyon da ruwa, ka tabbatar babu kumfar iska ko ɗaya, domin kumfa ɗaya tana iya ɓata awon gaba ɗaya. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin sandar har ruwan ya tsaya cak a kan layin, ɗayan ya tafi da ɗaya bakin turke bayan turke, yana auna daga saman ruwan zuwa ƙasa. Abin da ya samu, a cire mita ɗaya, sauran shi ne zurfin wannan wurin. Inda tef ya nuna mita 1.8, wurin ya yi ƙasa da santimita 80 ke nan.

Kada ka manta da titi. Ka auna tsakiyar hanyar da ke gaban filin, ka tuna cewa duk ranar da aka zo gyara ta ɗaga ta za a yi. Daɓen ɗaki ya kamata ya ɗara titi da aƙalla santimita 40 zuwa 50 idan filin ya ba da dama. Filin da ke ƙasa da titi kuwa, lissafinsa daban ne, hanyar ruwa ce za ta zama babban aikinsa.

Ka raba faɗuwar da tsawon filin. Namu 1.6 a raba da 20, ya ba da 8 cikin 100. A nawa ganin, abin da bai kai 4 ba ƙaramin aiki ne. Daga 5 zuwa 10 yana son tsari kafin a kira kowace na'ura. Idan ya haura 15, ka kai injiniya ya gani kafin ka ba da ko jine ɗaya, wato kuɗinmu na Sudan, na kafin alƙalami.

Ramukan gwaji

Ka sa a tona ramuka uku, ɗaya a tudu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a gindi, kowanne zurfin mita biyu ko har a ci karo da dutse. Ladan leburori biyu na kwana biyu ne, amma babu kuɗin da za ka kashe a ginin nan da zai fi wannan amfani. A yankinmu abu biyu ake yawan samu. Na farko baƙar laka, wadda take dararrashewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga abin da ke kanta. Ita ce ƙasar da ta sa Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi, ita ce kuma take tsaga ɗakuna daga nan har Sinnar da Damazin. Na biyu baƙin dutse, wanda a gefen tsaunuka yakan ɓuya ƙasa da mita ɗaya. Sau da yawa a fili ɗaya za ka samu dutse a sama, laka mai zurfi a gindi, kuma wannan ne mafi wuyar sha'ani, domin rabin gidan zai zauna daram, rabin yana hawa yana sauka.

Ka ɗebo ƙasar, ka jiƙa, ka murza ta tsakanin tafukanka. Idan ta miƙe kamar igiya ba ta karye ba, laka ce mai kumbura. Idan bene kake nufin yi, ko da nan gaba ne, ka biya kuɗin gwajin ƙasa na ɗakin bincike, injiniya ya yanke ko a canza ƙasar ko a sauke ginshiƙai su wuce inda danshi ke kaiwa. Ramin da ya wuce ƙirjin mutum a tokare bangonsa, a ja ƙasar da aka fitar ta yi nesa da baki da mita ɗaya, a kuma rufe shi da yamma saboda yaran unguwa.

Lissafin da zai nuna maka inda kuɗin suke

A nan nake so a natsu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, farashin man gas da siminti da rodi ba ya kwana biyu wuri ɗaya. Buhun siminti mai kilo 50, na Atbara ne ko na waje, kuɗinsa na yau daban da na mako mai zuwa. Saboda haka na daina rubuta lissafin ƙasa da kuɗi. Ina rubuta shi da kubik, wato mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, da sawun tifa da buhu da ganga. Waɗannan ba sa canzawa, ranar saye sai ka ninka da farashin ranar.

Abin da ɗan yayata ya so yi da farko shi ne ya cike filin duka ya zo daidai da kan tudu. A sama ciko sifili ne, a gindi mita 1.6, matsakaici 0.8. Ka ninka da 400, ka samu kubik 320. Ƙasar da tifa ke kawowa a sake take, idan aka danne ta sai ta ragu, don haka ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu: kubik 400. Da tifa mai ɗaukar kubik 16, sawu 25 ke nan. Bayan haka sai katanga mai tsayin mita 1.6 a gindi mai tsawon mita 20, da wasu biyu a gefe da gefe, dukkansu na kankare da rodi. Kafin a ɗora bulo ɗaya kuɗin ɗakuna sun tafi.

Hanya ta biyu ita ce a yanke rabin sama a zuba a rabin ƙasa. A takarda tana da daɗi: kubik 80 a tono, kubik 80 a cike, babu saye babu zubarwa. Tana yin kyau idan ƙasar tsakuwa ce ko marmara. Idan baƙar laka ce, ba a cika ƙarƙashin ɗaki da ita ko kusa, sai dai tsakar gida ko wurin shuka. Idan kuma dutse ne a sama, fasa shi da na'ura ya ninka kuɗin tonon ƙasa sau da yawa.

Hanya ta uku ita muka bi, ita nake ba kowa shawara ya fara dubawa. Ka gyara inda ginin zai zauna kawai, sauran filin ka bar shi ya bi halittarsa da matakala. Gidansa mita 12 ne da 10. Muka ƙara mita ɗaya ta kowane gefe saboda daɓen kewaye, ya zama 14 da 12, murabba'in mita 168. Muka kwantar da dogon gefen ya ratsa gangaren, gajeren ya bi shi, don haka faɗuwar da ke ƙarƙashin ginin ba ta kai mita ɗaya cif ba. Matsakaici rabin mita, kubik 84, da ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu 105, sawu 7 ke nan a maimakon 25. Tsakar gidan muka raba ta hawa biyu, da matakala uku tsakaninsu. Dama gidajenmu suna da sashen maza da baƙi da kuma cikin gida, sai gangaren ya zama shi ne ya raba su. Wanda yake da tsoho ko mai keken guragu a gida ya bar wuri ɗaya mara matakala mai sauƙin hawa.

Ko wace hanya ka bi, fandisho ba ya zama a kan ciko. Ginshiƙai sai sun ratsa cikon sun sauka a ƙasa ta asali mai ƙarfi, wato na gefen gindi za su fi tsawo, ka sa rodinsu da simintinsu a lissafi. Gindin ramin fandisho kuma a shimfiɗe yake, idan zai sauka sai ya sauka hawa-hawa, ba ya bin gangare a karkace. Inda tazarar ta haura mita ɗaya da rabi, ka tambayi injiniya ko zuba dakin, wato shimfiɗar kankare da rodi, a sama a bar ƙasan ya zama ɗakin ajiya zai fi ciko araha. Sau da yawa yakan fi.

Katangar tare ƙasa

A nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake mini ciwo. Shekarun baya na tsaya a kan aikin wani bawan Allah, maginin ya ce katangar jan bulo ta kewaye ta isa ta riƙe cikon mita ɗaya da 'yan kai, tunda an yi mata kauri. Na yarda domin mai gidan kuɗinsa sun yi ƙasa. Ba mu bar mata ƙofar ruwa ko ɗaya ba. A damina ta biyu, cikin dare, ta kwanta gaba ɗaya a cikin gidan maƙwabci, ta danne masa rumfa da tukwanen ruwa. Allah ya kiyaye, yaran suna ɗaki. Da safe na ga ƙasar da ke bayanta ta zama kunu. Mai gidan ya gina katanga sau biyu, ya kuma biya maƙwabci.

Ƙarfin da ƙasa ke tura katanga da shi ba ya tafiya daidai da tsayi. Idan tsayi ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. Shi ya sa katanga biyu masu santimita 80, da tazara mai kyau tsakaninsu, suka fi ɗaya mai mita 1.6 sauƙin kuɗi da kwanciyar hankali. Gajeriyar katanga ana iya yin ta da dutse da siminti, gindinta ya kai rabin tsayinta a faɗi, kuma idan dutsen daga ramin filinka ya fito, ka huta da saye ka huta da zubarwa. Duk wadda ta haura mita ɗaya aikin injiniya ce, kada wani ya ce maka ya saba.

Kowace iri ce, a bar mata ƙofofin ruwa: guntayen bututun roba mai inci biyu ko uku, kowace mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ɗan sama da ƙasa kaɗan, bakinsu ya sunkuya waje. A bayanta a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 30 daga ƙasa har kusa da sama. Kada a mayar da laka a bayanta, kuma kada a fara ciko sai kankaren ya samu aƙalla mako biyu ana ba shi ruwa.

Ciko da dannewa

A fara kwashe ƙasar sama, santimita 20 zuwa 30, da saiwoyi da shara, a tara ta gefe domin shuka. Ƙasar ciko, wadda muke ce wa radmiyya, ta zama mai tsakuwa da yashi da ɗan abin da zai haɗe su. Ka je da kanka ka ga ramin da ake ɗebo ta, ka ɗebo buhu ɗaya ka ajiye a matsayin shaida, duk tifar da ta zo da abin da bai yi kama da shi ba ta koma.

Ana zuba ta ne hawa-hawa, santimita 20 zuwa 25, a yayyafa ruwa, a danne da mandala, wato motar danne ƙasa, ko injin daɓe, sannan a ƙara wani hawan. Danshin da ake so shi ne ka dunƙula ta a hannu ta tsaya, ba ta ɗiga ba ta marmashe. Masu gaggawa sukan juye mita guda a lokaci ɗaya su danne sama, bayan shekara daɓen ɗaki ya lotsa. Wasu kuma su ce a bari damina ta danne, wanda ba ya yi. A babban aiki akan kira masu gwaji su tabbatar dannewar ta kai 95 cikin 100.

Ruwan kansa kuɗi ne, kowa ya san yadda ruwa yake a garin nan da bazara. Busasshiyar radmiyya tana shan rabin ganga ko fiye a kowane kubik, wato kubik 84 ɗinmu sun haura ganga 40. Ka yi ciniki da mai tanka ko mai karo tun kafin tifa ta farko ta iso.

Hanyar ruwa

A gefen tudu, bayan ginin, a ja kwata ta tare ruwan da ke gangarowa ta zagaya da shi gefe zuwa titi ko magudanar unguwa. Kewayen ginin a yi daɓen siminti mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya sunkuya waje, domin laka ta zauna da danshi iri ɗaya shekara duka. Indararo kada ya zuba a gindin bango. Masai da ramin ruwan wanka su koma gefen gindi, nesa da fandisho da katangar tare ƙasa, a kuma tona su yanzu da na'ura take wurin, kada a sake biyan kuɗin kawo ta. Darbejiya tana da inuwa, amma saiwarta tana tsotse laka ta sa bango ya zauna, a dasa ta nesa.

Kuma ka zauna da maƙwabcin da ke ƙasa da kai tun kafin a sara diga. Ka ce, "Malam, ga inda nake so ruwana ya bi, me ka gani?" Haƙƙin maƙwabtaka ne, sau da yawa ma yakan yarda ku raba kuɗin katanga ko kwatar da ke tsakaninku, ko ya karɓi ƙasar da ka tono ya cike tsakar gidansa.

Ciniki da lokacin aiki

Kada ka karɓi farashin dunƙule na "gyaran fili". A rubuta kowane abu daban: kubik na tonon ƙasa, kubik na fasa dutse, sawun kwashe ƙasa, sawun radmiyya, dannewa, kuɗin kawo na'ura da mayar da ita, da wanda zai sayi man gas. Farashin dutse musamman a yanke shi tun kafin a gan shi, domin ranar da boklen, motar tono, ta ci karo da shi ba ka da bakin ciniki. Ka tuna ƙasar da aka tono tana kumbura: kubik 80 a rami yakan zama 100 ko fiye a cikin tifa, dutse ya fi haka. A fayyace wanne ake biya, na rami ko na mota.

Ka auna bodin tifar da tef, tsawo da faɗi da zurfi, ka ninka. Ka sa ɗan'uwanka ya zauna a wurin da littafi, kowane sawu a rubuta lamba da lokaci, direba ya sa hannu. Idan lodar da awa ake biyanta, ka kafa turaku da igiya ka shafa fenti a inda za a yanke tun jiya, kada awa ta tafi a shawara. Biya ya bi aiki hawa-hawa, kuma tura kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, yana bar maka shaida. Ka tambayi mutum uku, ka kuma tambayi kwana nawa farashin zai tsaya. A kan jimillar aikin ƙasa nakan ware kashi 20 cikin 100 na ko-ta-kwana, in ba a taɓa su ba su tafi rufi.

Lokacin da ya fi shi ne daga Disamba zuwa Afrilu. A Oktoba da Nuwamba leburori suna gonakin riɗi da dawa, motoci ma suna can, komai ya yi tsada. Daga Yuni kuwa tifa ba ta shiga baƙar laka. Ramin fandisho kada a bar shi a buɗe ya yi makonni yana shan rana, a tona, a zuba kankaren share fage cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan kuɗin ba za su kai a tona, a zuba, a cike, a ja kwata kafin ruwan farko ba, gara a bar filin yadda yake sai baɗi.

A filin ɗan yayata, ramin gwaji na sama ya ci karo da dutse a santimita 90, saboda haka muka matsar da ginin mita uku zuwa ƙasa muka bar dutsen ya zama gindin zaure. Radmiyya sawu takwas ta shiga, ɗaya sama da lissafi. An gama kwata a ƙarshen Afrilu, da ruwan Agusta ya sauka na je da asuba na tsaya a gindin katangar dutsen, bututu bakwai cikin tara suna ɗiga, biyun da suka toshe muka zura musu rodi suka buɗe.